Jikar Holroyd ta Alibandeng

Duk wanda ya taɓa neman daddawar Kano ko busasshiyar kuɓewa a unguwar Alibandeng ta Libreville ya san shagon Hajiya Ikilima. Ɗaki ne guda a bakin wata hanya da ruwa ke cinyewa duk damina, tsakanin wani tela ɗan Mali da wata 'yar Kamaru mai gasa kifi. A ciki akwai kuka da kanwa da lalle, da turaren wuta a kwalabe, duk daga gida ake auno mata su. Ita kuma tana zaune a kujerar roba bayan teburi, doguwa, fara, idanunta ruwan zuma. Ba ta da yawan magana. Baƙo kan ɗauka Balarabiya ce, sai ta buɗe baki ya ji Kananci tsantsa.

A Fagge aka haife ta. Ta zo Libreville, babban birnin Gabon, tana da ƙuruciya, ta biyo mijinta Alhaji Abdulkuddus, mai sayar da darduma da tabarmi a kasuwar Mont-Bouët. Ta koyi Faransancin ciniki, wanda ya ishe ta faɗa da direban taksi, amma ba ta taɓa yin mafarki da shi ba.

Farin nata gado ne. Kakanta na wajen uba Bature ne ɗan Ingila, wanda ya zo Kano sayen fatu da ƙiraga kafin yaƙin Hitila. Ya zauna da wata mata mai suna Ƙulu, suka haifi ɗa ɗaya ranar Alhamis, aka riƙa ce masa Ɗanlami. Da yaƙi ya tashi Baturen ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Abin da ya bari shi ne yaron, da sunan da ma'aikatansa ke kiransa da shi: Holroyd. Ɗanlami ya girma ya zama mahaifin Ikilima. 'Ya'yansa maza duk sun ƙi sunan, saboda tsokanar da suka sha a makaranta, kuma wannan ya tsaya wa tsohon a rai har tsufansa.

Shi ya sa da Ikilima ta haifi ɗanta na fari a Libreville, aka raɗa masa Taufiƙ, aka je yi masa takardar haihuwa, magatakarda ya ce a nan ana iya ba yaro sunan wani kaka ta kowane ɓangare, sai ta roƙi mijinta a sa na kakanta. Alhaji Abdulkuddus ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sunan takarda ne ai. Na gaskiya liman ya riga ya raɗa." Haka yaron ya zama Taufiƙ Holroyd. Ƙanwarsa Hawaou da ta biyo baya sunan ubanta ta ɗauka.

Ikilima ba ta taɓa kiran yaron da sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma tarbiyyar Ƙulu ta samu, wadda a wurinta uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. In tana son sa sai ta ce "kai." In tana maganarsa sai ta ce "yaron nan." A Kano ba wanda zai lura. A Libreville kuwa, inda uwaye ke rungumar 'ya'yansu a bakin lakwal, wato makaranta, suna sumbatarsu kunci biyu, maƙwabta sun daɗe suna zaton ɗan riƙo ne. Shi dai ya gane. Ya girma yana ce mata Hajiya, yana tsokanarta, ya koyi gyaran wutar lantarki, ya yi suna a manyan gidajen unguwar Batterie IV, inda kowa ke kiransa Holroyd.

Yana da shekara ashirin da bakwai ya dawo daga wani aiki a garin Port-Gentil da zazzaɓi. Kafin mako ya zagayo aka yi jana'izarsa.

Wurin zaman makoki Ikilima ta zauna a tabarma, mayafi a ka, idonta a bushe. Mata suna shigowa suna cewa, "Hajiya, ya haƙuri?" tana cewa, "Haƙuri sai ma'aiki." Tsofaffin matan Hausawa suka yaba da ita. 'Yar Kamarun mai kifi, wadda ta yi birgima a ƙasa tana kiran sunan yaron, ta fita tana cewa ba ta taɓa ganin uwa mai zuciyar dutse irin wannan ba.

Hawaou ce ta kasa haɗiyewa. Ita haihuwar Gabon ce, karatun Faransanci, tana aiki a wani kantin magani a Cocotiers. Bayan sadakar arba'in ta tarar da uwar tana tankaɗe kuka a tsakar gida, ta tsaya a kanta.

"Mama, ya mutu fa. Wa kike jin kunya yanzu? Ko sau ɗaya ban ji kin faɗi sunansa ba."

"Miƙo min rariyar can."

"Mama!"

"Na ce miƙo min rariya, 'yar Faransi."

Ta miƙa mata, ta shige ɗaki ta bugo ƙofa.

Abin da Hawaou ba ta gani ba shi ne maganar yaron ta cika uwar har wuya, ba ta da inda za ta sauke ta. Mijinta ya koma kasuwa da masallaci, kuma ko da yana zaune, ba a gabansa za ta yi ba. Ƙawayenta Hausawa ne, da ido kawai za su tuna mata. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ko kabarin ba ta gani ba. Tana son ta faɗi yadda yake, da bakinta, wani ya saurara, ta zama uwarsa a fili ko da na yini ɗaya ne. Hanya ce babu.

Wata rana wani ɗan Gabon ya tsaya da mota a bakin shago, bai ji labari ba, ya ce yana neman Holroyd, wutar gidansa ta lalace. Ikilima ta ce masa, "Holroyd ya rasu." Bayan mutumin ya tafi ta daɗe a zaune hannunta a kan baki. Sunan ya fita, harshenta bai sarƙe ba. Sunan kakanta ne, kuma jika ba ya kunyar kaka, wasa ma yake yi da shi. Wannan rabin sunan halal ɗinta ne.

Ranar Lahadi ta kira Hawaou. "Wayar nan taki da kike cewa ta san komai. Tambaye ta, su waye Holroyd?"

Hawaou ta dube ta, ta ga ba wasa take ba, ta zauna. Ta karanta da Turancin lakwal tana juyawa da Hausa. Sunan na arewacin Ingila ne, wani yanki da ake kira Yorkshire, ƙasar tuddai da tumaki da masaƙun ulu. Asalinsa sunan wuri ne: fili da aka sare daji aka share a cikin kwari.

"Ashe manoma ne," in ji Ikilima. "Baba ya mutu yana zaton jinin sarauta ne. Ashe su ma sunan ƙauyensu suke ɗauka, kamar mutanen gida."

"Suna da yawa fa, Mama. Dubbai. In kina son naki, sai mun san sunansa na fari. Mene ne sunan kakan naki?"

Ikilima ta girgiza kai. Ba ta sani ba. Ba ta taɓa ji ba.

Suka buga wa Gwaggo Zinariya a Kano, 'yar Ƙulu daga auren da ta yi bayan tafiyar Baturen, wadda ita kaɗai ta rage a wannan layin. Tsohuwar ta kusa tamanin, kunne ya yi nauyi, baki bai yi ba. Hawaou ce ta fara gaishe ta.

"Wace ce? 'Yar Gabon? Ke har yanzu ba ki yi miji ba, ko mazan can ba su da ido?"

"Kaka, naki nake jira ki sakar min. Sunan Baturen Ƙulu muke nema."

"Sunansa? Yo wa zai faɗa mana? Inna ta faɗi sunan mijinta? Ko da Bature ne ai miji ne. Har ta koma ga Allah 'mutumin nan' take cewa."

Hawaou ta rufe wayar da tafin hannu ta juyo. "Kin gani ko, Mama? Kin ga abin da kunyarku take yi? Mutum guda ta haɗiye."

Ikilima ta karɓi wayar. "Gwaggo, ni ce. Sunan ba ta faɗa ba, amma me ta faɗa?"

Nan tsohuwar ta buɗe. Ƙulu ba ta faɗi suna ba, amma ta yi shekara hamsin tana zuba labarin mutumin a kaikaice, tana tsinke zogale ko tana kitso. Yatsunsa biyu na hannun hagu babu, injin saƙa ya cinye su tun yana yaro. Yana kiwon tantabaru a saman soro a Fagge, ya fi son su da mutane, in ya yi fito sai su sauko masa a kafaɗa. Ba ya cin yaji amma ba ya yarda a ce ba ya ci, sai ya ci yana hawaye. Ranar da zai tafi, tantabarun ya fara yi wa sallama.

"Inna ta ce da ita tantabara ce da ya dawo," in ji Gwaggo Zinariya, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Hawaou ta rubuta wannan duka a wani dandali na intanet inda Turawa ke neman asalin kakanninsu: Holroyd, mai sayen fatu a Kano kafin yaƙi, yatsu biyu babu, mai tantabaru. Ta ƙara da cewa ɗan'uwanta Taufiƙ, wanda ya ɗauki sunan, ya rasu. Sai jira.

Jiran ya ɗauki damina guda da rani. A tsakanin nan Ikilima ta zama masaniyar Holroyd ta Alibandeng. Ta sa Hawaou ta nuna mata hotunan ƙasar, gidajen baƙin dutse a jere a gefen tudu, da dogayen bututun hayaƙi. Mai sayen kanwa ta sefa ɗari sai ya tafi da labarin masaƙun ulu. Takan ce, "Su Holroyd mutanen sanyi ne, shi ya sa ba sa jure zafi. Holroyd ɗin nan namu ma haka yake, fanka har da damina." Daga nan sai ta tsaya, domin mai sauraron Bahaushe ne, ya san wa take nufi, ya sunkuyar da kai don ya taya ta kunya. Jimla ɗaya take samu a rana, wani lokaci biyu. Ba ta isa ba, amma ta fi babu.

Duk yamma in Hawaou ta sauko daga taksi, uwar ba ta tambaya. Kallon jakar da wayar take ciki kawai take yi. Hawaou ta girgiza kai, Ikilima ta ci gaba da ƙulla daddawa.

Amsar ta zo a watan Oktoba, ruwa ya dawo. Wata tsohuwa ce mai suna Doreen, daga wani gari da ake kira Halifax. Ta ce mahaifinta Edwin Holroyd yatsu uku gare shi a hagu, ya yi aiki a Afirka kafin a haife ta, kuma ya yi kiwon tantabaru a bayan gida har ya mutu. Ta ce a ciwonsa na ƙarshe ya yi ta maganar wani yaro da ya bari a Kano, mahaifiyarta ta ce zafin ciwo ne, kada a sake tayar da zancen. Ta ce tana son ta ga fuskarsu.

"Edwin," in ji Ikilima, tana gwada shi a baki. "Ɗan guntun suna haka Ƙulu ta yi ta ɓoyo." Sai ta ƙirga dangantakar da yatsu. "'Yarsa ce. Ƙanwar Baba ke nan. Gwaggona ce."

Aka sa ranar Lahadi bayan la'asar. Ikilima ta yi wanka ta ɗaura atamfar da take zuwa suna da ita, ta sa turare. Hawaou ta jingina wayar da gwangwanin madara a kan teburin falo. Da hoton ya buɗe, ga wata tsohuwa mai farin gashi cikin rigar sanyi, ta matso da fuska kusa har goshinta ya cika wayar. Ikilima ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Mama, waya ce fa, tashi. Ba ta ma ganin ki, silin take gani."

"Ƙanwar ubana ce. A tsaye zan gaishe ta?"

Hawaou ta sauko da wayar ƙasa, ta yi wa tsohuwar bayani. Doreen ta dafe ƙirji, ta ce ba wanda ya taɓa durƙusa mata, kuma in ta gwada ramawa sai an kira motar asibiti. Aka yi dariya, abin ya saki.

Doreen ta ɗaga hoton mahaifinta a tsufansa, yana riƙe da tantabara. Ikilima ta daɗe tana kallo. Kunnuwan Ɗanlami ne, da yadda yake karkatar da kai in ana ɗaukarsa hoto. Ita ma ta ɗaga hoton Ɗanlami da rawaninsa na Sallah. Doreen ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta tambayi shekarar da ya rasu, ta ce ashe suna duniya tare shekara sittin ba ta sani ba. Ta tambaya ko ya yi fushi da uban. Ikilima ta ce bai yi ba, ya dai yi ta zuwa tashar jirgi yana yaro.

Sai tsohuwar ta yi wata magana a hankali, Hawaou ta juya ta da Hausa.

"Ta ce na rubuta mata cewa Yaya ya rasu. Ta ce ita ba ta san shi ba, kuma jininta ne. Wai ki ba ta labarinsa. Wane irin yaro ne."

Ruwa na dukan kwano. Ikilima ta dubi tsohuwar. A gida, gaban gwaggo ne kunya ta fi nauyi. Ko kallon ɗanka ba ka yi a gaban ƙanwar ubanka. Amma wannan gwaggon ba ta san ana yin haka ba. Ta tambaya ne tsakani da Allah, ta karkatar da kai tana jira. Kuma ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya.

"Hawaou, je ki buɗe shago. Mutane na nan za su zo neman kayan miya."

"Yau Lahadi, Mama. Kuma wa zai yi muku tafinta?"

"Ba na buƙata. Je ki."

Hawaou ta fita, ta ja ƙofar ba ta rufe duka ba, ta tsaya a baranda feshin ruwa na taɓa ƙafarta.

Da fari ba ta ji komai ba. Can sai muryar uwarta ta fito, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda take ciniki da ita ba.

"Gwaggo, da ruwa aka haife shi, irin wannan. Da ungozoma ta kawo min shi na juya fuska bango, saboda yayar Alhaji na ɗakin. Sai da kowa ya fita na buɗe zanen na ƙirga yatsunsa. Goma cif. Na sa hancina a wuyansa. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Doreen ta gyaɗa kai.

"Bai yi rarrafe ba, Gwaggo, da gindi ya yi ta ja, rana ɗaya ya miƙe. Yana ɗan shekara shida ya kwance rediyon ubansa, ya sha duka, washegari ya haɗa ta ta yi magana. Ranar da ya ci jarrabawar gama lakwal ya shigo da gudu yana ihu, na ce masa 'to, madalla,' na shiga kicin. Shinkafar ranar ƙonewa ta yi, ina tsaye a kanta ina dariya ni kaɗai. Ya fi duk yaran unguwar nan kyau. Na faɗa. Ya fi su kyau, ya fi su hankali. In ya karɓi kuɗin aiki sai ya sayo min gasasshen kifi a nan maƙwabta, ya ce wai wani ne ya ba shi, don ya san in ya ce shi ya saya ba zan ci a gabansa ba. Ya san ni, Gwaggo. Bai taɓa tambayata don me ba."

Ta yi magana har hasken taga ya fara ja. Ta faɗi yadda yake waƙa in yana kan tsani, da wata yarinya 'yar unguwar Nzeng-Ayong da yake so bai kai ga faɗa wa ubansa ba, ita kuwa ta gane tun daga yadda ya fara guga. Ta faɗi safiyar ƙarshe, da ya ce kunun gyaɗa yake so, ta dama ta kai masa asibiti, ya sha cokali biyu ya ce, "Hajiya, sukarin Gabon ya ƙare ne?" A nan muryar ta karye. Kukan da ba a gani ba a tabarmar makoki ya zo, mai sauti, kamar na yarinya.

Tsohuwar ba ta ce a yi haƙuri ba, ba ta kawar da kai ba. Hawaye na bin kumatunta ita ma. Ta bari har kukan ya lafa, sannan ta sa yatsa a jikin gilashin wayarta, ta faɗi kalma ɗaya da ta tabbata su biyun sun sani.

"Taufiƙ," in ji ta.

Ikilima ta ɗago. Ta goge fuska da bakin mayafi. Ba ta juya wajen ƙofa ba ta ce, "Hawaou. Na san kina nan, ina ganin inuwarki. Shigo."

Hawaou ta shigo, idonta jawur, ta durƙusa kusa da ita.

"Me zan ce mata, Mama?"

"Ce mata ta sake faɗa."

Hawaou ta juya maganar. Doreen ta matso kusa, ta sake faɗar sunan, a hankali, har ƙarshensa.

"Shi ne," in ji Ikilima. "Nawa ne. Ce mata ta ƙara."